Ciwon muƙamuƙin wata mai ɗinki a Tudun Wadan Zariya, daga 2023 zuwa babbar sallar 2025

Wannan bayanin wata baiwar Allah ce maƙwabciyarmu, na haɗa shi daga katinta na asibiti da wani ɗan littafi da babbar 'yarta ta riƙa rubuta awon buɗewar bakin a ciki, sai kuma abinda ita ta faɗa min da kanta. Ta yarda a rubuta amma banda suna.

## Yadda take kafin ciwon

Shekarunta 34 a lokacin, 'ya'yanta huɗu, shagonta a zauren gidansu yake da kekuna biyu da 'yan mata masu koyo. Ba ta da hawan jini ba ta da suga, abu ɗaya da take fama da shi tun tuni shine olsa, wadda ke tashi in ta sha yaji ko ta jima ba ta ci komai ba.

In ka zauna a shagon na awa ɗaya za ka ga bakinta baya samun hutu. Fil ɗin kama yadi a bakinta suke, uku ko huɗu, ta datse su da haƙoran gaba tana yi wa yara magana ta gefen baki, zare kuwa ba ta ma neman almakashi haƙori ne ke yankewa, in kwastoma ta kira sai ta maƙale wayar tsakanin kafaɗa da kunnen dama hannu na kan keke ana ta ciniki har minti ashirin, ga cingam da take taunawa kusan duk yini wai dan kar barci ya ɗauke ta. Sannan akwai turmin haƙori na hagu ta ƙasa da ya yi rami tun wajen 2021, ruwan sanyi na taɓa shi sai ta zabura, dan haka gaba ɗaya taunarta ta koma ɓangaren dama.

## 2023 zuwa Afrilun 2024: ƙara kawai, ba ciwo

A cikin 2023 ta fara jin wani ƙas a gaban kunnen dama in ta buɗe baki sosai ko ta yi hamma. Ba zafi, har wasa yaran ke yi da abin suna cewa Umma ƙara yi mu ji.

Wurin da ke wannan ƙarar shine gaɓar da ta haɗa ƙashin muƙamuƙin ƙasa da ƙashin kai, in ka ɗora yatsa a gaban kunnenka ka buɗe baki za ka ji kan ƙashin yana zamewa gaba. Tsakanin ƙasusuwan biyu akwai wani ɗan faifai na guringuntsi da ke tafiya tare da kan ƙashin. In faifan ya goce gaba, to duk sanda aka buɗe baki sai kan ƙashin ya haye shi ya koma mazauninsa, wannan hayewar ita ce ƙas ɗin. Mutane da yawa suna da ita kuma in ba ciwo ba kullewa ba a yi mata magani.

Azumin 2024 ya kama ranar 11 ga Maris, sallah 10 ga Afrilu. Duk wanda ya san tela ya san yadda watan yake, ita kam a goman ƙarshe daga sallar asham sai sahur take tashi daga kan keke. A nan ne ta fara tashi da muƙamuƙi a gajiye da ciwon kai ta gefen dama, tsakanin ido da kunne, kuma maigidanta ya ce mata yana jin tana gurza haƙora cikin barci. Da aka yi sallah aiki ya ragu abin ya lafa da kansa.

## Yunin 2024: ciwon ya zauna

Babbar sallah ta kama 16 ga Yuni. Bayan wani zagayen ɗinkin dare, sai aka shiga makon soyayyen nama, irin wanda aka soya ya bushe ƙarau dan ya daɗe, da ganda da kai da ƙafa. A kwana na huɗu tana cikin tauna ta ji wani suka a gaban kunnen dama, daga ranar ciwon bai sake tafiya gaba ɗaya ba. Yana ƙaruwa da tauna da doguwar magana da hamma, yana miƙewa cikin kunne da gefen kai, wani lokaci har turamen sama na dama su riƙa mata tsami.

## Yuli da Agusta: kemis

Da yake cikin kunne take jinsa, ciwon kunne ta ce wa mai kemis, shi kuma ya ba ta maganin ɗigawa da kafso na antibayotik na kwana biyar. Ba abinda ya canza. Ta koma aka canza mata wani antibayotik ɗin aka haɗa mata da diklofenak safe da yamma, wannan kam ya rage ciwon sosai na 'yan awowi, shi yasa ta riƙe shi, in ya ƙare ta aika a sayo, wani lokaci ma kafin ta karya take haɗiya. Kusan sati shida tana haka. A ƙarshen Agusta olsar ta tashi da ƙarfi, zafin ƙirji da na ciki har ta kasa barci, dole ta ajiye shi, ciwon muƙamuƙin kuma ya dawo yadda yake.

Wannan ruɗanin da kunne tsohon abu ne. Gaɓar a manne take da ramin kunne, kuma jijiyar da ke ɗaukar saƙon ciwo daga gaɓar ita ce ke kula da wani sashe na kunnen. Tun 1934 wani likitan kunne a Amurka mai suna James Costen ya yi rubutu a kan marasa lafiyan da ke zuwa masa da kukan kunne alhali matsalar daga muƙamuƙi take.

## Satumba: na gida

Surukarta ta ce sanyi ne ya shige ta saboda zaman dare da damina. Aka yi hayaƙi, aka yi ƙaho a gefen wuya, aka kawo man zafi tana shafawa a kunci tana murzawa kafin ta kwanta. A cikinsu duka man zafin da murzar ne kaɗai ta ce tana jin sauƙinsu, shima zuwa safe ya tafi. Sai aka kai ta wajen wani mai ɗori wanda ya ce muƙamuƙin ne ya goce, ya sa manyan yatsunsa a bakinta ya danna ƙasa ya ja da ƙarfi. Kwana uku bayan nan kunu kaɗai take iya sha.

## Oktoba: an cire haƙori

Da turamen sama na dama suka ci gaba da tsami sai ta yanke cewa haƙori ne. Ta je wani wurin masu aikin haƙori, aka ga ɗan baƙin tabo a ɗaya daga ciki, ita kuma ta dage a cire kawai ta huta, aka cire ba tare da an ɗauki hoto ba. Aikin ya ɗan ja lokaci bakinta a wangale. Wurin ya warke lafiya cikin sati biyu amma ciwon gaban kunnen yana nan, ya ma ƙaru, ga shi yanzu dama akwai giɓi hagu akwai rami.

## Nuwamba: bakin ya kulle

A farkon Nuwamba ta lura ƙas ɗin ya daina, har ta ɗauka sauƙi ne ya fara zuwa. Cikin kwanakin ne kuma ta ga bakin baya buɗuwa kamar da, cokali da ƙyar yake shiga, lomar tuwo sai ta lallatse ta, buroshi baya kaiwa turamen ciki, kuma in ta gwada buɗewa a gaban madubi haɓar sai ta karkace ta yi dama. Ta rame. Wata nas da ke kawo mata ɗinki ce ta sa ta gwada jera yatsu uku a tsaye tsakanin haƙoran sama da na ƙasa, biyu ma da ƙyar suka shiga, ta ce mata Anti wannan ba na kemis bane, ki je asibitin koyarwa na Shika sashen haƙori da muƙamuƙi.

## Disamba: abinda aka gani a asibiti

An gan ta a satin farko na Disamba. Likitan ya fara da tambayoyin da suka ba ta mamaki, ko ta taka ƙusa ko ta ji wani rauni kwanan nan, ko akwai zazzaɓi ko kumburi a fuska ko ƙarƙashin haɓa, ko ciwon na zuwa tare da nauyin ƙirji in ta yi tafiya, ko wani gefen fuskar ya mutu mata. Duk babu. Dalilin tambayoyin shine tetanus, ciwon da ke shiga jiki ta rauni, shi ma da kulle muƙamuƙi yake farawa, haka ruɓar haƙori da ta tara mugunya, sannan ciwon zuciya kan iya bugowa ta muƙamuƙi, kuma waɗannan ba a jira da su.

Sai awo. Ya sa 'yar rula tsakanin haƙoran gaba, iyakar buɗewarta milimita 26, da ya taimaka da yatsunsa ta kai 28 ta tsaya cak. Lafiyayyen baki yakan kai 40 zuwa sama. Ya ce ta ba ciwon maki daga sifili zuwa goma, ta ce 7 in tana tauna, 3 in tana zaune. Da ya danna naman kunci, wanda ke kumbura in mutum ya datse haƙora, da na gefen kai, ta ce wallahi likita shi ne ciwon nan nawa sak har cikin kunnen. A cikin kumatunta akwai farin layi daidai inda haƙora ke haɗuwa, gefen harshe kuma da shatin haƙora, alamun mai yawan datse baki. Kunnen lafiya lau. An ɗauki hoton nan mai nuna haƙora duka da ƙashin muƙamuƙi, ƙashin ba karaya ba zaizayewa, abinda ya fito fili shine ramin turmin hagu. Shi irin wannan hoton baya nuna faifan, sai hoton MRI mai nuna nama da guringuntsi, kuma likitan ya ce a yanzu ba sai an kashe kuɗinsa ba tunda ba zai canza maganin farko ba.

Bayanin da ya yi mata shine abu biyu ne suka haɗu. Faifan ya goce gaba ya daina komawa, shi yasa ƙarar ta ɓace kuma ya tokare hanya, sannan naman tauna ya gaji ya ɗaure. Ya ce mata Hajiya ke da kika san keke, in ana taka shi dare da rana ba tsayawa ai dole ya yi zafi, ba wai ya lalace bane. Ta tambaye shi ko sai an yi aiki, ya ce mafi yawan masu irin wannan ba sa kaiwa ga tiyata amma fa sai ta yi haƙurin watanni.

## Tsarin da aka ɗora ta a kai

Abinci mai laushi na sati huɗu zuwa shida, ba ruwa zalla ba dan shima naman yana son ɗan motsi. Ta koma faten tsaki da alale da tuwo miyar kuka ko kuɓewa da dafaffen ƙwai da kifi da fura da nono da gwanda, nama kuwa sai dambu ko wanda ya dahu luguf an yanka ƙanana. Aka dakatar da cingam, aya, ƙuli-ƙuli, rake, gasasshiyar masara, kilishi da ƙanƙarar da take taunawa in ta sha zoɓo.

Gashi da tawul mai ɗumi minti 15 safe da dare a kunci da gefen kai, bayansa murza naman da yatsu biyu a hankali. Sai motsa baki, ta ɗora kan harshe a dasashin sama bayan haƙoran gaba ta buɗe a hankali a gaban madubi tana kallon kar haɓar ta karkace, sau shida, kuma sau shida a yini. Da ta ce ba za ta iya tunawa ba sai mai fisiyon, wato masanin gashi da motsa gaɓoɓi, da aka tura ta wajensa ya ce ta ɗaura shi da salloli biyar ta ƙara ɗaya kafin barci, hakan kuwa ya zauna mata. Daga sati na uku aka ƙara miƙarwa, babban yatsa a haƙoran sama manuni a na ƙasa ta ɗan buɗa har ta ji ja banda suka, ta riƙe kamar sakan goma.

Abinda aka fi nanata mata shine zaman bakin in ba ci take ba. Leɓe a rufe, haƙora a rabe. Ita a zatonta haƙoran sama da na ƙasa a haɗe suke zama ko yaushe, alhali ga lafiyayye sai wajen tauna da haɗiya suke taɓa juna, sauran lokaci akwai ɗan tsakani na milimita biyu zuwa huɗu. Aka ɗaura mata jan ƙyalle a jikin keken, duk sanda idonta ya faɗa kai sai ta duba, ta ce a kwanakin farko kusan duk dubawa a datse take samun kanta musamman wajen ɗinkin wuya ko saka zif. Fil ya koma kan wani ɗan matashi da ta ɗinka ta ɗaura a hannu, ƙaramin almakashi ya rataya a wuya da igiya, waya ta koma sifika. In hamma ta zo ta tallafe haɓa da dunƙulen hannu.

Magani kuwa saboda olsar aka hana ta diklofenak da ibuprofen na sha, aka ba ta farasitamol da diklofenak na shafawa da maganin olsar, sai amitiriftilin miligiram 10 da dare, wanda a wannan ƙaramin awon dan ciwo mai daɗewa da barci ake bada shi. Ya sa mata bushewar baki da nauyin jiki da asuba a satin farko. Ba maganin da mutum zai je ya saya da kansa bane. Turmin hagu kuma aka ce a bari sai bakin ya ƙara buɗuwa.

## Janairu da Fabrairun 2025

Sati biyun farko awon bai motsa ba, 26 ne ko 27, har ta fara cewa wannan ai wasan yara ne aka ba ta. Abinda ya fara sauka ciwon kan safe ne. Sanyin hunturu ma bai taimaka ba, da asuba naman a ɗaure take jinsa sai ta yi gashi.

Tsakiyar Janairu awo 31, ciwon tauna 5. Farkon Fabrairu 35, ciwo 3, a nan aka cike turmin hagu a zama biyu gajeru ana barinta ta rufe baki ta huta a tsakani, kuma karon farko cikin shekaru ta fara tauna ta ɓangare biyu. Ƙarshen Fabrairu 38, ciwo 2. Da yake maigidan ya ce har yanzu yana jin gurzar dare, aka auna haƙoranta aka yi mata robar sawa da dare. Ta ce tana rage mata tsamin haƙora da safe amma rabin dararen cire ta take yi cikin barci.

## Azumin 2025: ya dawo

Azumi ya kama 1 ga Maris. Ta karɓi ɗinki kamar yadda ta saba, zuwa tsakiyar wata barci ya koma awa uku zuwa huɗu, gashi da motsa baki suka tsaya, jan ƙyallen ma ya faɗi ba wanda ya mayar. A goman ƙarshe ciwon ya koma 6, awo ya sauka 33. Wannan karon ba ta je kemis ba kuma ba ta nemi a cire komai ba, ta mayar da sauran yadin da ba ta yanka ba ga masu shi, wasu har da fushi, ta koma fate da kunu da gashi sau uku. Sallah ta kama 30 ga Maris, zuwa tsakiyar Afrilu awo ya dawo 38 ciwo 2. A Mayu likitan ya janye amitiriftilin a hankali.

## Yunin 2025

Babbar sallah 6 ga Yuni. Ta rufe karɓar ɗinki sati uku kafin sallah, kuma nata naman farfesu aka yi mata. Awon ƙarshe da ke cikin katin 42 ne ba tare da taimakon yatsa ba, ciwo sifili zuwa 1, haɓar tana ɗan karkata kaɗan a ƙarshen buɗewa. Ƙas ɗin bai dawo ba, sai wani ɗan gurji da take ji jefi-jefi. Tana cin komai banda rake da cingam.

## Me ya yi aiki, me bai yi ba

A ganina duk abinda aka yi daga Yuli zuwa Oktoba an yi shi ne a inda ake jin ciwon, kunne da haƙori, ba wanda ya tambaye ta me bakin ke yi daga safe zuwa dare. Antibayotik ba shi da abin kashewa tunda ba ƙwayar cuta. Diklofenak yana aiki da gaske a irin wannan ciwon, amma na kwanaki ake bada shi kuma ba ga mai olsa ba, ita kuma ya zame mata abin da ke ɓoye ciwon tana ci gaba da cingam da fil. Jan mai ɗori magani ne na wata matsalar daban, wato muƙamuƙin da ya fita daga gurbinsa baki ya tsaya a buɗe ya ƙi rufuwa, nata kuwa akasin haka ne. Cire haƙorin shine asarar da ba ta dawowa, kuma ina ganin dogon wangale bakin ya taimaka wajen kullewar Nuwamba duk da ba wanda zai iya rantsuwa a kai. Haƙorin da ke buƙatar aiki tun farko a ɗaya ɓangaren yake. Surukar tata ma ba ta yi nisa da gaskiya ba a zancen ɗumi da murza, abinda ya rage mata shine a sauke wa naman kaya.

Wane ne ya fi aiki a cikin tsarin Disamba, wannan ba za a iya warewa ba tunda tare aka fara su, kuma dole a ba lokaci nasa kason, domin irin wannan kullewar takan saki a hankali cikin watanni yayin da naman bayan faifan ke sabawa, ko da faifan bai koma ba. Amma azumin 2025 ya nuna wani abu, tana shan maganin dare tana da roba a lokacin, abinda ta bari barci ne da motsa baki da lura da datsewa, kuma ciwon ya dawo, da ta mayar da su ya tafi. Wannan ya yi daidai da jagorar da mujallar likitoci ta BMJ ta fitar a 2023 a kan ciwon muƙamuƙi mai daɗewa, wadda ta fi ƙarfafa motsa gaɓar ƙarƙashin kulawar masani da aikin fisiyo da koyar da mutum yadda zai bi da ciwon da damuwa, ba ta ba robar dare muhimmanci ba, kuma ta yi hani da irin abin sawa a baki da ke canza zaman haƙora ta yadda ba a iya warwarewa. Ciwon ya fi kama mata 'yan shekara 20 zuwa 40, dan haka a Zariya masu irin zamanta suna da yawa, teloli da masu saƙa da ɗaliban jami'ar ABU na Samaru da Kongo lokacin jarabawa.

Abinda ya rage mata yanzu giɓin dama ne. Likitan ya ce a sa haƙorin roba kafin na kusa su fara karkatowa, ta ce sai bayan ta biya kuɗin makarantar yara. Ranar komawa asibiti kuma an bar mata a buɗe, in awon ya sauka ƙasa da yatsu uku ko ciwon ya wuce sati biyu ta dawo.